Bitar PD4645: kwanbatar da ke maye gurbin Magnetek 6300 a tsohuwar motar-gida

Motar-gida, wadda a Amurka da Kanada ake kira RV, wuta iri biyu take sha. Akwai AC mai bolt 120 da ake jona wa daga turken wuta na sansani ko daga janareta, ita ke riƙe na'urar sanyaya ɗaki da soket-soket. Akwai kuma DC mai bolt 12, wadda kusan duk rayuwar cikin motar ta rataya a kanta: fitilu, famfon ruwa, fankar hita, allon da ke sarrafa firji, na'urar jin ƙaurin gas. Kwanbata ce ke tsakaninsu. Tana karɓar bolt 120 ta mayar da shi bolt 12 da ɗoriya, ta ciyar da kayan cikin mota, ta kuma yi cajin batir. Kada a rikita ta da inbata, wadda aikinta akasin wannan ne.

Motocin da aka ƙera a shekarun 1990 da yawansu sun fito da akwatin wuta na Magnetek jerin 6300, irin su 6332 da 6336 da 6345, lambobi biyun ƙarshe su ne amfiyar da aka rubuta masa. Daga baya kamfanin Parallax ya ci gaba da wannan layi, ya fitar da jerin 7300 a akwati mai kama da shi. Kamfanin Progressive Dynamics da ke garin Marshall a jihar Michigan ya ƙera jerin PD4600 musamman don ya zauna a gurbin ƙasan waɗannan akwatuna. Samfuri uku ne, PD4635 da PD4645 da PD4655, wato amfiya 35 da 45 da 55. Na tsakiyan ne ake bita a nan, kuma hukuncin a taƙaice shi ne kaya ne mai kyau, ya fi abin da yake maye gurbinsa nesa ba kusa ba, amma rabin alherinsa yana hannun wayar da ke tsakaninsa da batir. Wanda ya sa shi a kan siririyar waya mai tsatsa ya sayi abin da ba zai mora ba.

Kafin a sayi komai

Kwanbata tana yawan ɗaukar laifin da ba nata ba. Fitilu sun dushe, hita ta ƙi tashi, batir ya kwana ya mutu alhali mota na jone da wuta, sai a ce kwanbata ta ƙone. Wani lokaci haka ne. Sau da yawa kuma fiyus ne, ko bireka, ko batirin da kansa ya gama rayuwarsa. Minti goma da mitar awon wuta sun isa a raba gardama.

A cire mota daga wutar sansani, a kashe sola idan akwai, a auna kan batir. Batirin dalma mai ruwa da ya huta, idan cike yake zai nuna 12.6 zuwa 12.7, idan ya kai rabi kuwa wajen 12.2. A mayar da filogin sansani a sake aunawa. Muddin caji na isowa, lambar za ta haura 13. Idan ba ta motsa ba, ko dai kwanbata ba ta bayarwa, ko kuma tana bayarwa amma wani abu ya tare hanya. Sai a koma bakin kwanbatar a auna a can. In aka sami 13 da wani abu a bakinta amma babu a kan batir, to laifin na hanya ne: ƙaramar birekar DC da ake ɗaurawa kusa da batir, sau da yawa a jikin shasi inda ruwa da gishirin titi ke cin ta, ko makunnin raba batir da aka manta a kashe, ko wayar negatib da ta saki inda aka ɗaure ta da shasi. Wannan na ƙarshen ya fi kowanne ɓoyewa, domin da ido za a ga noti a ɗaure, tsatsa ce a ƙarƙashinsa.

In babu komai a bakin kwanbatar, a duba ko bolt 120 na shiga cikinta. Birekarta a akwatin AC yawanci mai amfiya 15 ce, kuma takan raba layi da wasu soket. Bireka na iya faɗuwa ba tare da hannunta ya nuna sosai ba, don haka a kashe ta gaba ɗaya a sake kunnawa. A motocin da kwanbatar ke jone da soket ta filogi, soket mai kariya na GFCI, wanda ke yanke wuta da kansa idan ta zurare zuwa ƙasa, da ya faɗi a banɗaki ko kicin yana iya kashe ta daga nesa.

Akwai wani tarko game da tsohuwar 6300. Wutar da take fitarwa ba tatacciya ba ce, tana hawa tana sauka sau 120 a daƙiƙa, saboda haka mitar dijital za ta iya nuna lambar da ba ta da ma'ana, musamman idan an cire batir. Kada a yanke mata hukunci da wannan awon kaɗai. A auna ta da batir a jone, a kan wayar caji.

Batirin ma a gwada shi daban. Idan ɗaya daga cikin ɗakunansa shida ya haɗe, zai tsaya wajen bolt 10.5 komai cajin da aka yi masa, zai yi zafi, zai ja wuta ba ƙaƙƙautawa. Irin wannan batir yana wahalar da sabuwar kwanbata kamar yadda ya wahalar da tsohuwar.

Me ya sa tsohuwar ta cancanci ritaya ko da tana aiki

Magnetek 6300 babban taransifoma ne da diyod. Nauyi gare ta, tana gurnani dare da rana, tana ɗumama kabad ɗin da take ciki. Waɗannan duk ana iya jurewa. Abin da ba a jurewa shi ne yadda take mu'amala da batir. Amfiya 45 da aka rubuta a jikin 6345 na kayan cikin mota ne, ba na caji ba. Caji yana bi ta wani ƙaramin sashe daban, kuma abin da ke isa batir ƙaramin kaso ne na waccan lamba. A ɗauka batir mai amfiya-awa 100, wato ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka, ya kai rabi, yana neman 50 ke nan. Idan caja na ba shi amfiya 5, awa goma ake magana a kan takarda, a aikace kuwa ya fi haka sosai domin wutar na raguwa yayin da batir ke cika. Mai kunna janareta awa biyu da yamma don ya farfaɗo da batir, mai kawai yake ƙonawa.

Sannan idan batirin ya cika ba ta san ta saki ba. Mota na ajiye a jone wata da watanni, ita kuwa tana ta turawa, ruwan batir na tafasa a hankali har farantan dalma su fito sarari su lalace. Ga jinkiri lokacin da ake gaggawa, ga naci lokacin da ake son hutu.

Wutar da ba a tace ba kuma ita ce dalilin da ya sa allon fiyus na 6300 ya kasu biyu: yawancin layuka na shan wutar kwanbata kai tsaye, wasu kaɗan kuma an ware su ta ɓangaren batir don rediyo da makamantansa. A zamanin ƙwan fitila mai zare babu wanda ya damu. Yanzu da ake sa fitilun LED da cajar waya da talabijin mai bolt 12, sai a ji ƙugi a lasifika, a ga fitila na rawa.

Abin da ke cikin kwalin

Sashen kwanbata ne a kan farantin ƙarfe da aka yanka daidai gurbin ƙasan akwatin, da sabon allon fiyus mai gurbi 12, da takardar bayani. Ɓangaren AC, wato bireka da sandunan nutural da na ƙasa (earth), ba a taɓa shi, na tsohon akwatin ake ci gaba da amfani da shi. Wannan ne babban dalilin zaɓen wannan jeri maimakon canza akwatin gaba ɗaya: ba a yanka katakon kabad, ba a kwance wayoyin bolt 120 na dukan motar. Ana ɗaga shi kuma za a ji bambancin nauyi, domin babu wancan dunƙulen taransifoma.

Cajarsa, wadda kamfanin ya sa wa suna Charge Wizard, tana cikinsa, ba sai an saya daban ba. Matakanta su ne zuciyar kayan. Idan ta ga batir ya yi ƙasa tana hawa bolt 14.4 don cajin gaggawa. Idan ya kusa cika ta sauko 13.6, inda take zama yayin da ake amfani da mota. Idan aka yi kamar awa 30 ba a ja wata wuta mai yawa ba, ta sake saukowa 13.2, matakin ajiya, inda ruwan batir ba ya saurin ƙafewa. Tana cikin ajiyar kuma, duk awa 21 takan hau 14.4 na minti 15, don ta motsa ruwan batirin kada asid ya kwanta a ƙasa, gishirin salfa ya daskare a kan farantai. A kan allon fiyus akwai ƙaramin maɓalli da fitila. Fitilar na nuna matakin da ake ciki, maɓallin kuma yana ba mutum damar tilasta mata hawa 14.4 da hannu. Ga mai caji da janareta wannan maɓallin kaɗai ya biya kuɗin sabulu, domin kwanbatoci da yawa masu matakai uku a takarda, a aikace da wuya su hau matakin sama, kuma babu yadda za a yi a sa su.

Duk amfiya 45 ɗin kuwa tukunya ɗaya ce. Abin da fitilu da famfo ba su ci ba, batir ke samu.

45 ko 55

Mutane na son babbar lamba. A nan ba lallai ta amfane su ba. Batiri ɗaya na rukunin girma 24 ko 27, mai amfiya-awa 75 zuwa 100, ba zai daɗe yana karɓar amfiya 45 ba, balle 55. Cikin ɗan lokaci ƙarfinsa zai hau, wutar ta ragu da kanta. Batura biyu masu bolt 6 irin na keken golf da aka jera, wajen amfiya-awa 220, su ne za su iya shanye abin da babbar ke bayarwa. Sai kuma lissafin ɓangaren AC: amfiya 55 sau bolt 14.4 ya kusa wat 800 a fita, a shiga kuwa ya fi haka saboda asarar zafi, kuma irin waɗannan kwanbatoci suna jan amfiyar AC fiye da abin da lissafin wat kaɗai zai nuna. Ƙaramin janareta mai wat 1000 yana iya faɗuwa da zarar an danna cajin gaggawa. A motar da ke da layin amfiya 30, idan na'urar sanyi da tukunyar ruwan zafi na aiki, kowace amfiya tana da daraja.

Abu mafi muhimmanci dai shi ne wayar da masana'anta ta sa tun farko an auna ta ne da tsohuwar caja mai rauni. Wanda akwatinsa 6345 ne ya tsaya a 45. Wanda nasa 6332 ne ya dubi kaurin wayarsa da birekar kusa da batir kafin ya wuce 35.

Aikin da kansa

Kayan aiki ba su da yawa: sukundireba mai kai murabba'i lamba 2, domin da irin wannan sukuru ake harhaɗa yawancin motocin nan, da mai faɗin baki don tashoshin waya, filaya mai dogon baki, abin fere waya, mita, tef na takarda da alƙalami, da fitilar goshi mai batirinta, tunda za a kashe duk wutar motar. Mai hannu yana gamawa cikin awa ɗaya zuwa biyu. Yawancin lokacin a kan allon fiyus yake tafiya.

A zare filogin sansani daga turke, a naɗe wayar a ajiye inda ido ke ganinta don kada wani ya mayar. Janareta a kashe, inbata a kashe, sola a raba ta da batir. A kwance negatib na batir, a ɗaure shi gefe yadda ba zai koma ya taɓa kan batir ba. Sannan a auna da mita a cikin akwatin, AC da DC duka, a tabbatar babu komai. Makunnin raba batir bai isa a dogara da shi ba, a wasu motoci wayar caji na zagaye shi.

A cire murfin gaba. Kafin a taɓa waya ko ɗaya a ɗauki hoto, sannan a manna wa kowace wayar da ke fita daga allon fiyus tef mai lamba, a rubuta girman fiyus ɗinta. Rubutun da ke jikin ƙofar akwatin bayan shekara ashirin da wani abu ba abin yarda ba ne, masu motar na baya sun yi ƙari da ragi.

Daga sashen ƙasa wayoyi iri biyu ke hawa. Sirara suna zuwa ɓangaren AC: baƙa zuwa bireka, fara zuwa sandar nutural. Kaurara suna zuwa allon fiyus. A kwance su duka, a cire sukurorin da ke riƙe da sashen, a jawo shi waje da hannu biyu. Kada a sa yatsa cikin kayansa, kafasita, ƙananan kayan da ke tara wuta a ciki, na iya riƙe ta bayan an kashe. Gurbin da ya bari galibi cike yake da ƙura da gashi da ragowar katako. A share shi, domin sabuwar da iskar fanka take sanyaya kanta.

Yanzu allon fiyus. Akwai masu barin tsohon don gudun wahala. Kuskure ne a kan 6300, saboda rabuwar nan ta layuka biyu. In ba a haɗe su ba, wani ɓangare zai zauna babu wuta ko batir ya ƙi samun caji. Ga kuma maɓallin nan da fiyus na kariya daga juya wayoyin batir da ke tafe da sabon. A mayar da wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda bakinta ya yi baƙi ko kore a yanke a fere sabo. Kowace ta koma da fiyus mai girman da take da shi a da. Fiyus waya yake karewa, ba na'ura ba: waya lamba 14 a ma'aunin kaurin waya na AWG, inda ƙaramar lamba ke nufin waya mai kauri, iyakarta amfiya 15, lamba 12 kuma 20. Idan aka tarar da fiyus mai 30 a kan siririyar waya, wani ne ya gaji da canza fiyus ya rufe matsala, kuma matsalar na nan.

A zura sabon sashen, a bi da wayoyinsa ta ramukan da tsofaffin suka bi, a tabbatar robar bakin ramin na nan don kada ƙarfe ya yanki rigar waya. Baƙa siririya ta koma birekar da aka cire ta, fara ta koma sandar nutural, koriya ta tafi sandar ƙasa. Sandunan nan biyu kada a gauraya su. A cikin motar-gida nutural da ƙasa a rabe suke, a can tushen wutar ake haɗa su, kuma wanda ya haɗa su a mota zai ga GFCI na sansani na faɗuwa, ko mafi muni jikin motar ya ɗauki wuta. Kaurarar wayoyin DC su shiga tashoshinsu a allon yadda aka rubuta, ƙaramar waya mai filogi ta maɓallin caji ita ma ta shiga gurbinta. A ɗaure tashoshin da kyau, a ja kowace waya a ji ba ta motsi. Waya mai silli da yawa takan kwanta bayan an ɗaure ta, don haka a sake bi bayan minti kaɗan. A amfiya 45, sakakken sukuru ɗaya ya isa ya narkar da allo.

Inda aka fi yin ɓarna

Launin waya. A motar hawa ta yau da kullum ja ce fozitib, baƙa negatib. A motar-gida da yawa, musamman tirela, wato wadda wata mota ke ja, an bi tsarin wayar gini: baƙa ce fozitib, fara ce negatib. Wanda ya saba da gareji zai ga baƙa ya kai ta kan negatib ba tare da tunani ba. A bi wayar da ido: wadda ta ƙare a jikin shasi ita ce negatib, ko wane launi ne. In ba a gani, mita a matakin gwada haɗuwa za ta faɗa.

Idan aka juya su, ko na ƙiftawar ido ne, fiyus na kariya da ke kan sabon allon za su ƙone. Aikinsu ke nan, su mutu don kwanbatar ta tsira. Alamar ita ce sabuwar na'ura fil amma babu abin da ke fita. A gyara wayoyin batir tukuna, a zare wutar sansani, sannan a canza fiyus ɗin duka tare da masu girman da aka rubuta. Mutane da yawa sun mayar da lafiyayyar kwanbata ga mai sayarwa a kan wannan.

Gwajin farko a yi shi babu batir. A jona wutar sansani, a kunna babbar bireka, sannan ta kwanbata, a auna bakinta: wajen 13.6 ake nema, tsayayye. A kunna fitilu a ga kowane layi na aiki. A zare wuta, a mayar da negatib na batir, a sake jonawa. Ɗan tartsatsi lokacin mayar da waya ba abin tsoro ba ne, kafasitocin ciki ne ke cika.

Wayar da ke cinye cajin

A nan gizo ke saƙar. PD4645 a bakinta take auna ƙarfin wuta, ba ta da wayar da ke zuwa kan batir ta gano abin da ya isa can. A tirela da yawa akwatin wuta na tsakiya ko baya, batir na can gaba a kan ƙarfen ja. A ɗauka tazarar ƙafa 20 ce, zuwa da dawowa ƙafa 40. Wayar tagulla lamba 8 tana da turjiya wajen om 0.63 a ƙafa 1000, wato 0.025 a wannan tsawon. A amfiya 45 asarar ta haura bolt 1.1. Kwanbata na ba da 14.4, batir na ganin 13.3. Abin da zai faru a zahiri shi ne wutar ba za ta tsaya a 45 ba, za ta faɗo da wuri zuwa abin da wayar ta yarda, cajin gaggawa ya zama na tafiyar hawainiya. Da lamba 6 asarar na komawa wajen 0.7, da lamba 4 ƙasa da 0.5. Inda negatib ke bi ta shasi, lissafin wayar ya ragu, amma sai mahaɗan shasin biyu su zama abin lura.

Gwajin mai sauƙi ne. A bar batir ya sauka zuwa 12.2, a jona wuta, a danna maɓalli zuwa cajin gaggawa, a auna bakin kwanbata, a auna kan batir. Bambancin shi ne abin da hanya ke ci. In ya wuce rabin bolt, a fara da kankare mahaɗai har ƙarfe ya yi fari, a canza tsohuwar birekar kusa da batir, a sake aunawa. In har yanzu yana da yawa, a ja sabuwar waya mai kauri. Kuma duk wayar da aka ƙara, a sa mata fiyus ko bireka dab da batir, domin batir ne ke da ƙarfin mayar da waya garwashi idan ta gogi shasi. Ga motar da tazarar ta yi tsawo ƙwarai, wani lokaci dabara mafi kyau ita ce a bar wannan jeri, a sayi kwanbata mai zaman kanta ta jerin PD9200 a ɗaura ta kusa da batir, a busasshen wuri mai iska, amma ba a ɗaki ɗaya da batirin ruwa ba saboda iskar haidirojin da yake fitarwa.

Inda ta gaza

Bolt 14.4 tsaka-tsaki ne. Masu ƙera batiran keken golf, kamar Trojan, suna neman wajen 14.8 don cikakken caji, don haka mai yawan zama a daji da irin waɗannan batura zai ga kashi goman ƙarshe na jan ƙafa, sai ya haɗa da sola ko wata caja. Ba ta kuma auna zafin batir, alhali batirin dalma yana son ƙarin bolt a sanyi, ragi a zafi. Mai ajiye mota a jone a lokacin zafi ya ci gaba da duba ruwan batir kowane wata. Matakin ajiya ya rage ƙafewa ne, bai hana ba.

Batirin litiyam na LiFePO4 magana ce daban. Shi ba ya son zaman 13.2 da hawan minti 15 ɗin nan, kuma a 13.6 cikarsa na jinkiri. Kamfanin na da samfurin da ya dace da litiyam, don haka mai niyyar sauya batir nan gaba ya karanta lambar samfurin da kyau kafin ya biya. Ya kuma sani litiyam zai ja dukan amfiyar awa bayan awa ba tare da raguwa ba, wanda ke nufin wayar da ta tsira da batirin dalma tana iya yin zafi a ƙarƙashinsa.

Fankarta tana tashi gwargwadon nauyin da aka ɗora. Da fitilun LED da wuya a ji ta. Da tsofaffin ƙwayaye masu zare, waɗanda kowanne ke cin kusan amfiya ɗaya da rabi, fitila shida ko bakwai sun isa su tashe ta, kuma idan akwatin na ƙarƙashin gado za a san da ita. Duk da haka ta fi gurnanin taransifoma sauƙi, tunda tana yin shiru idan an kashe fitilu. Kada a toshe ramukan iskar murfin da takalma ko bargo.

Sai batun dacewa. An yi ta ne don akwatin 6300 da 7300. Motar da ke da akwatin kamfanin WFCO, kamar WF-8955 da ya cika tirelolin baya-bayan nan, akwatinta daban ne da waɗannan. Lambar akwatin na manne a cikin ƙofarsa ko a jikin ƙarfen ƙasa. A karanta ta, a auna faɗi da zurfin gurbin da tef, a kuma leƙa bayan akwatin a ga ko bututun ruwa ko na hita bai tokare wurin ba, sannan a yi oda.